Odar da ba ta iso ba: yadda lambar 200 ta ɓatar da kayan Sallah a wani shago na Kantin Kwari

Azumi ya kai rabi lokacin da Alhaji ya kira ni bayan la'asar. Shagonsa na atamfa da shadda da leshi yana cikin Kantin Kwari, sari yake sayarwa, kuma yana da wakilai a Maraɗi da Damagaram da Katsina da Gusau waɗanda ke tattara odar 'yan kasuwa ta manhajar waya. Wata Hajiya daga Maraɗi ta turo direbanta ɗaukar kaya. Direban ya nuna hoton rasit daga wayar wakili, an rubuta "An karɓi oda" da kore, turmi talatin na wata atamfa. Yaran shago sun duba kwamfuta sama da ƙasa, babu wannan oda. Atamfar ma ta ƙare tun kwana uku da suka wuce.

"Malam, ka zo ka gani da idonka," in ji Alhaji. "Matar nan ta riga ta biya, ta riga ta yi wa mutane alkawarin ɗinkin Sallah."

Ba ni na rubuta manhajar tun farko ba. Wani matashi ne ya gina ta kafin ya tafi hidimar ƙasa, ni na gaje ta. Amma na yi watanni ina kula da ita ban ga wannan rami ba, don haka ina da nawa kason a cikin abin da ya faru. Ɓangaren sabar, wato kwamfutar da ke karɓar oda daga wayoyi ta ajiye, an rubuta shi da Laravel, manhajar wayar kuma da React Native, dukansu kayan gina manhaja ne. Saboda hanyar sadarwa na yawan yankewa a wasu kasuwannin da wakilan ke shiga, an yi wa manhajar layin jira: wakili ya shigar da oda, ta ajiye a cikin wayar, idan sabis ya dawo ta aika, idan sabar ta ce an karɓa ta goge daga layin ta fitar da rasit. Tsari ne mai kyau. Matsalar tana wajen yadda wayar ke gane cewa an karɓa.

Duk amsar da sabar ke mayarwa ta HTTP, wato ƙa'idar da waya da sabar ke magana da ita a intanet, tana ɗauke da lamba mai alƙaluma uku, sannan kanun amsa, sannan jikinta. Alƙalamin farko shi ne ajin amsar. Biyu na nufin aiki ya yiwu, uku na nufin a nufi wani adireshi, huɗu na nufin matsalar daga buƙatar mai tambaya take, biyar kuma sabar ce ta gaza. Mutum jikin amsa yake karantawa, amma na'urori lambar suke dubawa. Manhajarmu tana amfani da fetch, umarnin da ke aika buƙata ga sabar ya karɓo amsa, tana duba abu ɗaya tak, wato response.ok, wanda ke zama gaskiya idan lambar ta faɗo tsakanin 200 da 299.

Da na buɗe kontirolar oda, wato sashen sabar da ke karɓar buƙatar oda ya ba da amsa, a daren nan bayan tarawihi, sai na ga an naɗe aikin gaba ɗaya cikin try da catch, tarkon da ke kama duk kuskuren da ya taso. Idan kaya ya ƙare, ko bashin wakili ya wuce iyaka, ko rumbun bayanai ya ƙi amsawa, duk hanya ɗaya suke bi: a mayar da JSON, wato rubutun bayanai da na'ura ke karantawa, mai cewa ba a yi nasara ba, da saƙo kamar "Kaya ya ƙare". Ba a sa lamba ba. A Laravel kuwa, idan ka kira response()->json() ba ka ba shi lamba ba, 200 yake sakawa. Ke nan jikin amsar yana cewa ba a karɓa ba, lambar tana cewa an karɓa. Tsohon shafin oda yana karanta jikin, shi ya sa aka daɗe lafiya. Layin jiran da aka ƙara daga baya lambar kawai yake kallo. Ya ga 200, ya goge odar Hajiya daga wayar, ya buga rasit.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne babu inda ƙararrawa ta buga. Kundin sabar cike yake da 200 daga sama har ƙasa. Wanda ya kalle shi zai rantse komai lafiya.

Na ɗauka na gama gano cutar, sai washegari wakilin Gusau ya kira da wata odar da ta ɓace, alhali kayan da ya nema suna nan jibge a shago. Wannan ta ɗauke ni kusan wuni guda. Ya manta bai sa lambar wayar mai saye ba, tantancewar Laravel ta ƙi buƙatar, kuma daidai ne ta ƙi. Sai dai Laravel na yanke yadda zai ba da amsar ƙin ne bisa abin da mai tambaya ya ce yana so. Idan buƙatar ta zo da kan Accept mai neman JSON, zai mayar da 422 tare da jerin gurbin da ke da gyara. Idan babu, zai ɗauka burauza ce mai cike fom, ya mayar da 302, ya tura ta baya. Manhajarmu ba ta aika wannan kan. Sabar ta tura ta shafin farko, fetch ya bi turawar da kansa ba tare da ya ce uffan ba, shafin farko ya amsa da 200 da HTML, layin jira ya goge oda. Hanya biyu daban, duk suna ƙarewa da rasit na ƙarya.

A wannan dare na yi gyaran gaggawa wanda ya zama kuskurena na kaina. Na cire try da catch ɗin nan, na bar kowace matsala ta fashe ta zama 500, da tunanin gara wayar ta san an gaza. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Layin jira yana sake aika duk abin da bai samu ok ba, kuma akwai aikin da kontirola ke yi bayan ta ajiye oda: tura saƙon tes ga mai saye. Ranar kamfanin tura saƙon yana ta yankewa. Oda ta shiga rumbu, saƙo ya gaza, sabar ta ce 500, waya ta sake aikawa, oda ta sake shiga. Kafin azahar wani ɗan kasuwa a Katsina yana da oda iri ɗaya har sau huɗu, yaran shago sun fara ɗaure dila biyu kafin babban yaron ya lura ya tsayar da su. Na kuma tarar an bar APP_DEBUG, saitin da ke nuna cikakken bayanin kuskure, a kunne a sabar aiki, don haka kowace 500 tana fita da sunayen fayiloli da tambayar SQL da ta gaza. Na kashe shi nan take, na mayar da komai yadda yake, na roƙi Alhaji wakilai su koma kiran waya na kwana biyu.

"Kwana biyu a wannan lokaci ba wasa ba ne," ya ce.

"Na sani, Alhaji. Amma gara a rubuta da biro a littafi da a ba mutum rasit ɗin abin da babu."

Ya amince.

Kafin in taɓa komai, na zauna da babban yaron shago muka lissafa duk hanyoyin da oda ke iya ƙin yiwuwa a zahiri, ba a kwamfuta ba. Kaya ya ƙare. Kaya yana nan amma bai kai adadin da aka nema ba. An canza farashi tun lokacin da wakili ya shigar da odar a wayarsa ba sabis. Wakili ya ci bashi har iyakar da Alhaji ya yanka masa. An dakatar da wakili. An cike fom ba daidai ba. Daga nan na yi wa kowace tambaya ɗaya: idan waya ta sake aika wannan buƙata yadda take ba a canza komai ba, za ta iya yiwuwa? Idan a'a, ajin huɗu ce, waya ta daina aikawa ta nuna wa mutum. Idan mai yiwuwa ne, ajin biyar ce, ta jira ta sake. Wannan tambaya ta fi min amfani a kan haddace jerin lambobi.

Inda muka fi daɗewa shi ne ƙarewar kaya. Wani abokin aikina da na kira don ya duba min ya ce 422 ta isa, tunda ita Laravel ke amfani da ita. Ban yarda ba. RFC 9110, takardar ƙa'idar intanet da ta fito a 2022 ta tattara ma'anonin HTTP wuri guda, ta bayyana 422 a matsayin buƙatar da aka fahimci tsarinta amma ba a iya aiwatar da umarnin cikinta ba, 409 kuma a matsayin buƙatar da ta ci karo da halin da abin yake ciki a yanzu, inda ake sa ran mai tambaya zai warware ya sake aikawa. Odar Hajiya babu kuskure a cikinta. Da ta iso kwana huɗu kafin nan, da ta wuce. Halin shago ne ya canza. Bambancin yana da aiki a fuskar waya: 422 tana mayar da wakili kan fom da jan layi a ƙarƙashin gurbin da ya ɓata, 409 tana buɗe masa shafin da ke cewa saura turmi nawa, ya kira mai saye su daidaita. Canjin farashi ma 409 muka ba shi.

Bashi ya jawo wata gardamar. Lambar 402 sunanta ma yana magana a kan biyan kuɗi, ido na kai wa gare ta da sauri, amma har yau ƙa'idar ta ce an ajiye ta ne don gaba, ba ta da ma'ana tsayayya. Muka ɗauki 403, wato sabar ta san ko kai wane ne, ta fahimci abin da kake so, ta ƙi. Misalin da ke cikin RFC 7807 ta 2016 ma na wanda kuɗin asusunsa bai isa ba ne, kuma 403 aka sa masa. Ita 401 muka bar wa wanda shaidar shigarsa ta ƙare ko bai kawo ta ba, don waya ta kai shi shafin shiga ba tare da ta taɓa layin jira ba. Wakilin da ya nemi odar wani wakili kuwa 404 yake samu, ba 403 ba. Ƙa'idar ta yarda a yi haka don ɓoye ko abu yana nan, kuma a kasuwa irin Kwari, sanin cewa wane ya yi oda ma sirri ne.

Abokin nawa ya kuma kawo shawarar mu ƙirƙiro namu lambobi, 490 don kaya ya ƙare, 491 don bashi, da sauransu. Na fahimci abin da ya ja shi. Laravel kansa yana amfani da 419 wadda ba ta cikin rajistar lambobin da hukumar IANA ke riƙewa, Nginx kuma, wata manhajar sabar, yana rubuta 499 a kundinsa. Sai dai duk na'urar da ta haɗu da lambar da ba ta sani ba, ƙa'ida ta ce ta ɗauke ta kamar ta farkon ajinta, ke nan 490 ta koma 400 a idonta. Kuma wanda zai gaje ni gobe zai zauna yana neman ma'anar 491 a intanet bai samu ba. Lambar ta tsaya a kan wadda duniya ta sani, bayani na musamman ya shiga jiki.

Ga jikin muka bi tsarin da RFC 7807 ta kawo, wanda RFC 9457 ta maye gurbinsa a 2023. Nau'in amsar shi ne application/problem+json, da gurabe sanannu: type, title, status, detail da instance, kuma an yarda ka ƙara naka. A type muke sa adireshi tsayayye mai ƙarewa da kaya-ya-kare ko farashi-ya-canza, shi manhaja ke dubawa ta san shafin da za ta buɗe. A detail muke rubuta jimlar da wakili zai karanta da Hausa: "Saura turmi goma sha biyu, ka nemi talatin." Muka ƙara gurbin saura mai ɗauke da lambar zalla. Na dage a kan cewa manhaja ba za ta taɓa yanke hukunci bisa jimlar detail ba. Wakilan Nijar sun riga sun nemi a sa musu Faransanci, kuma ranar da aka canza kalma ɗaya a jimla bai kamata komai ya karye ba.

Sai babban gyaran, wanda shi ne ya shafi kontirola kai tsaye. Na ƙirga wurare da dama a kontiroloji daban-daban inda kowane ke haɗa amsar kuskure da hannunsa, wani ya kira gurbin saƙo, wani ya kira shi bayani, wani ya manta da shi gaba ɗaya. Duk na kwashe. Yanzu kontirolar oda layuka kaɗan ce: ta karɓi buƙatar da aka tantance, ta miƙa wa sashen da ke aikin oda, ta mayar da 201 da odar da aka ƙirƙira. Shi sashen odar bai san komai game da HTTP ba. Idan kaya bai isa ba, yana jefa kuskure mai suna KayaYaKare ɗauke da adadin da ya saura. Wuri ɗaya ne ke fassara waɗannan kurakurai zuwa lamba da jiki. A Laravel 11, wanda ya fito a Maris 2024, wurin shi ne withExceptions a cikin bootstrap/app.php, a tsofaffin fitowa kuwa fayil ɗin Handler.php ne. A nan ma na yi amfani da shouldRenderJsonWhen na ce duk adireshin da ya fara da api a ba shi JSON ko ya nema ko bai nema ba, wanda ya toshe ramin 302 ɗin nan ko da wata manhajar ta sake manta kan Accept. 

Duk kuskuren da ba mu sa masa suna ba yana zama 500 da jimla ɗaya marar bayanin ciki, tare da lambar shaida da wakili zai iya karanto min ta waya in nemo ta a kundi. Idan muna gyara ko rumbun bayanai ya faɗi, 503 ce tare da kan Retry-After mai gaya wa waya daƙiƙa nawa za ta jira.

Lambobi kaɗai ba su magance odar Katsina mai ninki huɗu ba. Ko da komai daidai yake, sabis na iya yankewa bayan oda ta shiga kafin amsa ta isa waya, wayar kuma dole ta sake aikawa. Don haka kowace oda yanzu tana samun lamba ta musamman tun a waya, rumbun bayanai kuma ba ya karɓar lamba ɗaya sau biyu. Idan ta sake zuwa, sabar tana mayar da odar farko ne kawai. Saƙon tes na fitar da shi daga cikin buƙatar, ya koma aikin bayan fage, gazawarsa ba ta shafar amsar oda. Rage kaya daga ajiya kuma yana faruwa cikin DB::transaction da lockForUpdate, don kada wakilai biyu su sayar da turmi na ƙarshe a lokaci guda.

Saura wayoyin da ke hannun mutane. Wakilai ba sa sabunta manhaja, data na da tsada, wasu wayoyin ma ba wuri. Tsohuwar manhaja ba ta san bambancin 409 da 500 ba, duk abin da ba ok ba sake aikawa take yi. Na yi tunanin barin tsohon adireshi yadda yake har kowa ya sabunta, sai na ga hakan na nufin ci gaba da fitar da rasit na ƙarya da sanina. Na sauya shi shi ma. A tsohuwar waya odar da aka ƙi tana maƙalewa a layin jira da alamar tana jira, wakili ya gaji ya kira shago, a gaya masa dalili. Bai yi daɗi ba, amma babu wanda ya karɓi kuɗin mutum a kan kayan da babu. Da yake tsofaffin wayoyin ba sa aika lambar oda ta musamman, sabar tana ƙin oda mai kama da wadda wakili ɗaya ya aiko 'yan mintuna kafin nan. Sabuwar manhajar kuwa ta Xender ta yaɗu: duk direban da ya zo ɗaukar kaya, yaran shago su tura masa, ya kai wa wakilin garinsu.

Na rubuta gwaji ga kowane kuskure, kuma kowane gwaji lambar yake fara dubawa kafin jiki. Akwai guda ɗaya da ke aika oda marar lambar waya ba tare da kan Accept ba, yana tabbatar da 422 ta dawo, ba 302 ba.

Don gano odojin da suka ɓace, kundi bai taimaka ba tunda duk 200 ne. Dole wakilai suka turo hotunan rasit ɗinsu ta WhatsApp, ni da babban yaron shago muka zauna bayan sahur muna gwada su ɗaya bayan ɗaya da abin da ke rumbu. Waɗanda kayansu ke nan aka ɗaure musu aka kai tasha. Hajiyar Maraɗi kuwa Alhaji da kansa ya zaga layukan kasuwa ya samo mata turmi ashirin na irin atamfar a wajen wani maƙwabcinsa, a farashin da ya fi wanda ya sayar mata, ya cika gibin daga aljihunsa. Kuɗin sauran goman ya mayar mata ta hannun direban, kwana tara kafin Sallah.